Likitan Ƙaya

Ranar kasuwar Dungas, shekarar da ta biyo bayan babban fari, Hinda na suyar ƙosai sai mai ya fallatso mata a hannun hagu. Ko gezau ba ta yi ba. Wani saurayi ne mai wandon 'yan lakwal, wato 'yan boko, ya yi ihu a madadinta.

"Ke, hannunki!"

"Ba na ji," ta ce. "Na nawa za a ba ka?"

Tun sanƙarau da ya kwantar da ita, ya kuma tafi da innarta, hannun ya mutu daga gwiwa zuwa yatsu. In gaskiya za a faɗa, ba hannun kaɗai ba. Hinda ta daina kuka, ta daina dariya, gari ya waye ko ya ƙi wayewa duk ɗaya ne a wurinta.

Saurayin sunansa Ɗan Azumi, ɗan Guci, ya gama lise, babbar sakandare, a Damagaram, kuma ba shi da zance sai karatun ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Samarin duniya da goro da turare suke zuwa zance. Shi kuwa kowace kasuwa da ƙayar aduwa yake zuwa, ya ɗan taɓa mata fata.

"Nan fa, Zinariya?"

"Ba na ji, Likitan Ƙaya."

"Nan?"

"Ƙosaina zai ƙone."

Ba ta ce tana sonsa ba. Ta dai lura idonta na kan hanyar Guci tun hantsi.

Mahaifinta, Malam Bukar, ya fi karkata ga Mainassara mai sayen gyaɗa. "Dole kam ba zan yi miki ba," ya ce, "amma ɗan lakwal tsuntsu ne, ba zan ajiye ki kina jiran tsuntsu ba."

Ana haka, wata la'asar rediyon Malam ya karanto sunayen ɗaliban da suka samu gurbin karatu a waje. Ɗan Azumi, Dakar. Bai taɓa faɗa mata ba. Hinda ta tsaya ta saurari zuciyarta ko za ta ji wani abu, ta ji shiru, ta ci gaba da surfen wake. Da yamma ta ce wa mahaifinta Mainassara ya turo magabatansa in ya so.

Kafin su zo, Ɗan Azumi ya riga su. Ya durƙusa a zaure, Hinda na bayan zana.

"Baba, shanu biyu fari ya bar mini cikin garken mahaifina, hanya kuma uku ce. A Dakar manyan malaman ƙwaƙwalwa suke, amma burs ɗin, kuɗin karatun da gwamnati ke bayarwa, ba zai riƙe ni ba sai na sayar da shanun, gida kuma sai bayan shekaru. Ta Damagaram ga arha ga kusa, sai dai allura da ɗaurin ciwo kawai ake koyarwa. Yamai an buɗe sabuwar makarantar likitoci. Ƙwaƙwalwa kaɗan za a taɓa, amma burs ɗin zai ci da baki biyu in an lallaɓa."

"To wacce ka zaɓa?" in ji Malam.

Hinda ce ta amsa daga bayan zana, murya a sanyaye. "Ka tafi Dakar. Dama hannun kake so, ba ni ba. Can za ka koyo gyaransa."

"Hinda, wannan hannun ko Dakar ba za ta tashe shi ba. Na duba littattafai, na tambayi likitan Magaria. Na daɗe da sani."

"To ƙayar fa, kowace kasuwa?"

"In na yar da ita, da wace hujja zan riƙe hannunki a tsakiyar kasuwa?"

Malam Bukar ya yi tari ya kau da kai. Hinda kuwa wani abu ya soke ta a ƙirji, zafinsa ya fi na mai. Ta fashe da kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka fita da innarta. Ta ji ciwo, ta kuma ji daɗin jin ciwon.

Saniya ɗaya ta tafi a sadaki da hidimar biki, ɗayar aka bar wa yayansa kiwo. Dakar kuwa Ɗan Azumi bai sake ambatonta ba, ko da yake Hinda ta san tana ransa. Bayan kaka aka ɗaura aure, Malam ya dafa kansu ya ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya mai albarka, jama'a suka amsa da amin.

A bayan kamiyon ɗaukar kaya da zai kai su Damagaram su kama hanyar Yamai, kaskon suyarta ɗaure cikin kaya, ango ya kamo hannunta na hagu mai jan lalle.

"Nan fa, Zinariya?"

Ta dubi yatsunsa cikin nata.

"Ba na ji," ta ce. "Amma ina gani. Kada ka saki."