Sunan Da Malam Ɗanladi Ya Kasa Kira

Zinatu na tsakar gida tana tankaɗen garin dawa, mijinta Malam Ɗanladi na gefe kan tabarma yana feƙe fensir da reza, sai ga sallamar Goggo, ƙanwar mahaifin Zinatu. Ta shigo da ƙwaryar man shanu a ka, zabi a hannu, bakinta har kunne.

"Malam, ga saƙon surukinka Alhaji. Ya ce a gode maka, ka cika ɗa!"

Malam Ɗanladi ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Goggo, godiyar me kuma? Ban san na yi wani abu ba."

"Ji shi da kawaici! Tun saukar damina Bappayo na ruga wajen Gadau yana bin shanun kakansa, amma ko da wasa ɗan doka bai taka ƙofar gidanmu ba. Wa ya rufa mana asiri in ba kai ba?"

Reza ta suɓuce daga hannun Malam. Goggo ba ta ko lura ba, ta sha ruwa, ta zuba surutunta ta tafi.

A wancan zamani na En'e, a garin nan nasu da ke tsakanin Azare da Shira, dokar makarantar elementare ba ta da wasa. Duk yaron da hakimi ya sa a makaranta, kullum da safe sai an kira sunansa an sa alama a rajista. In ya daina zuwa, malami ya gaya wa hedimasta, hedimasta ya sanar da hakimi, ɗan doka ya je ya taho da mai yaron a gaban jama'a. Malam Ɗanladi shi ke kiran sunayen makarantar baki ɗaya a fili, kafin kowa ya shiga ajinsa.

To, ga inda matsalar take. Bappayo maraya ne, ɗan yayan Zinatu, sunan gida ne kawai Bappayo. A rajista sunansa Umara, sunan kakansa Alhaji Umara, wato surukin Malam. Wane ɗan mutunci ne zai tsaya tsakiyar fili ya ɗaga murya ya kira sunan surukinsa gatsal? Saboda haka in ya iso kan sunan, sai ya sunkuyar da kai ya yi gyaran murya. Yara kuwa ba a koya musu shaƙiyanci. Da sun ji gyaran muryar nan sai su haɗa baki, "Yana nan, sa!" Shi kuma ya sa alama ya wuce da sauri, ko ɗaga ido ba ya yi. Da farko gaskiya suke faɗi, daga baya abin ya zame musu waƙa.

Bayan fitar Goggo ya dubi matarsa. "Zinatu, kin san da wannan?"

"Na sani mana. Ai na zaci don ni kake yi."

"Wallahi ban sani ba! Wata da watanni ina rubuta yaro yana nan, alhali yana daji. Gobe zan kai rahoto."

Rariyar ta faɗi cikin garin. "Rahoton wa? Baba? Malam, ka rufa mini asiri! Ɗan doka ya tasa Baba a gaba ta cikin kasuwa — kuma a ce mijina ne sanadi?"

"Ni ma kaina zan kai. Laifina ya fi nasa."

"To wa ya tambaye ka? Rajista ta ce yana nan, hedimasta bai sani ba, hakimi bai sani ba. Ka yi shiru kawai! Da an yi girbi zai dawo."

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ba a ce ya yi ƙarya sabuwa ba, an ce ne kawai ya bar ta jiya ta ci gaba da tafiya. Ya dubi Zinatu, hawaye na zuba kan hannunta mai gari, ya ji kamar ya ce ya fasa. Yana son yarinyar nan, so na gaske. Shekara ya yi yana zarya a keke kafin a ba shi ita, har 'yan unguwarsu suka sa masa suna Mai Ƙararrawa.

"Zinatu, kiran sunan nan ba don Bature ake yinsa ba," ya ce a hankali. "Don a san inda kowane yaro yake ne. Yau in aka tambaye ni ina yaron nan, lafiya yake ko ba lafiya ba, me zan ce?"

Ta yafa mayafi ta nufi gidansu, tana ganin in ta yi wa mahaifinta bayani zai aika a dawo da yaron salin-alin. Ashe wuta ta je ta hura. Kafin la'asar ta dawo idanu jajur, Goggo na biye da ita, wannan karon ba fara'a.

"Alhaji ya ce a gaya maka, in ɗan doka ya tsaya a ƙofarsa, ka sani ba ka da mata a gidansa. Ka zaɓa!"

"Goggo, ku ba shi haƙuri. Ku ce ya aika a taho da yaron, ni zan ɗauki laifin kwanakin baya."

"Ya ce jikansa ba zai bar shanun gado ya zauna yana haddace baƙin Nasara ba. Magana ta ƙare."

Washegari Malam Ɗanladi ya ɗauki rajista ya shiga ofis. Hedimasta ya saurare shi har ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, "Kai kuwa wane irin mutum ne? Ka san taransifa za a yi maka, in ma ba a kore ka ba?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ranar kasuwa ce kuwa, kamar an zaɓa. Ɗan doka ya taho da Alhaji Umara, babban mutum mai farin gemu, mahauta da 'yan koli na miƙewa suna leƙe. Hakimi ya yi masa faɗa a gaban fadawa, ya kuma tashi wani ɗan doka a kan doki ya je Gadau ya taho da yaro. Kafin Malam ya tashi daga makaranta an zo an tafi da Zinatu, har da tukwanenta.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. Malam ya zama abin nuni a gari, mutumin da ya kai surukinsa ƙara. A gidan Alhaji kuwa an sa Zinatu a gaba.

"Ki je wurin alƙali ki ce ba kya yi!" in ji Goggo.

"Goggo, zan zauna a nan duk tsawon da Baba ya ce, ba zan saɓa masa ba. Amma ba zan ce Malam ya cuce ni ba, don bai cuce ni ba."

"Au, har yanzu sonsa kike?"

Ta sunkuyar da kai tana kuka, ta ce, "Ina sonsa."

Ana cikin haka sai ga ɗan doka ya dawo, yana tafe a ƙasa yana jan doki, Bappayo na kwance rub da ciki a kan sirdi. Kurkunu ne ya fito masa a ƙafa saboda ruwan tafki, wurin ya ruɓe, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Makiyayin da ke kula da shanun ya ɓoye zancen don tsoron Alhaji, yana ta ɗaura ganye yana cewa gobe zai warke. Alhaji ya fito ya ɗaga zanen da aka rufe ƙafar da shi, warin ya buge shi, ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. A ranar aka wuce da yaron asibiti a Azare, Zinatu ce ta bi shi jinya.

Takardar Malam ta fito ana tsakiyar girbi. Ba a kore shi ba, amma an mai da shi wata ƙaramar makaranta can bayan Bulkachuwa. Yana ɗaure littattafansa a bayan keke da hantsi ya ji sallama a ƙofar gida. Muryar ta ba shi mamaki, don a garin nan ba a taɓa ganin suruki ya tako gidan mijin 'yarsa da ƙafarsa ba. Ya fito ya zube ƙasa. Alhaji Umara ne tsaye, Zinatu na bayansa, Bappayo na dogara sanda.

Tsohon ya dubi Malam.

"Likita ya ce da an ƙara kasuwa ɗaya, da sai an yanke ƙafar," ya ce. "Ni ne kakansa, ni na tura shi daji na manta da shi. Kai da na kira maci amana, kai ka sa aka nemo shi. Ga matarka. Ga yaron kuma, ku tafi da shi, ya yi karatu a hannunka."

Malam Ɗanladi ya kasa ɗaga kai, hawaye na ɗiga kan ƙasa. Zinatu ta raɓa ta gefensa ta shige ɗakinta.

Girmama suruki wajibi ne, Malam Ɗanladi kuma bai daina ba har ya tsufa. Amma duk wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane, kada kunyar wani babba ta hana shi ɗaga ido ya ga ko yaro yana nan. Bappayo ya girma ya zama malami shi ma, sai dai har ya bar duniya yana ɗingisa ƙafar nan.