Ruwan Zafi a Kwata

Ran da sojoji suka miƙa mulki, Ladidi ta juye tafasasshen ruwa a kwatar gidansu da ke Gyaɗi-Gyaɗi, daidai magariba, hankalinta na kan rediyo, ta manta bisimilla. Wani abu ya yi ƙara.

Uwarta Safara'u, ma'aikaciyar jinya, ta haska tocila. Yanyawa ce, ramammiya, bayanta a saɓule. Ta kwantar da ita a kicin, kullum tana wanke ciwon tana ɗura mata madara, har ta fara miƙewa.

Rannan bayan isha'i aka yi sallama. Wata tsohuwa ce a lulluɓe, muryarta kamar daga cikin rijiya.

"'Yar nan, kin yi jinya, mun gode. Wa ya zuba ruwan?"

"Ni ce, Inna."

Tsohuwar ta sunkuyo ta shinshina tafin Safara'u. Mayafinta warin kwata yake.

"Wannan hannun magani ne. Ɗayan nake nema."

Safara'u ta waiga. Yanyawar ta bar kicin, tana zaune a ƙofar ɗakin Ladidi, ta ɗaga hanci. Tsohuwar ta ratso tsakar gida, farata na ƙarƙaf a kan siminti.