Dutsen Niƙan Inno

Ana gab da magariba, Turai na tankaɗen garin dawa a tsakar gida, sai tsakuwa ta faɗo cikin ƙwaryarta. Ta ɗaga kai, babu kowa a kan katanga. Jifa na biyu ya fasa randa.

Mijinta, Malam Atiku, malamin makaranta ne a Dutsin-Ma, shi ke tara wa ƙungiyar adana tarihin gunduma kayan mutanen dauri. A makon nan ya ɗauko wani dutsen niƙa daga kufai kusa da Barkiya, inda mahaifiyarsa Inno ta rasu tun yana goye. Ya ajiye shi a zaure kafin ƙungiya ta samu ɗaki.

Kullum rana ta faɗi, sai jifa. Daga nan 'yarsu Saudatu ta daina cin abinci. Sai ta durƙusa gaban dutsen tana niƙa babu hatsi, tana waƙa da muryar da ba tata ba.

Aka ɗauko Malam Sodangi mai ruƙiyya daga Kurfi. Ya yi ta karatu har yarinyar ta sandare.

"Wace ce ke?" in ji shi.

Aljana ta amsa ta bakin yarinyar: "Ni maƙwabciyar Inno ce, a tsamiyar bayan ɗakinta nake. Mutane sun watse, dutsen nan kaɗai ya rage mini, shi ma aka ɗauke."

"Waƙar fa?" Atiku ya tambaya.

"Ta uwarka ce, da ita take lallashinka. Muryar ma tata ce, ni na riƙe ta. Ka bar mini yarinyar, kowace magariba ka ji uwarka."

Atiku ya sulale ya zauna. Shekaru yana bin tsofaffi gari gari, bai samu wanda ya tuna ko kamanninta ba. Sai Turai ta ɗago hannun 'yarta don ya ga yadda ya rame.

"Ki ƙarasa waƙar," ya ce da ƙyar, "sannan ki tafi. Gobe zan mayar miki da dutsenki."

Ta ƙarasa a hankali. Saudatu ta yi atishawa, barci ya ɗauke ta.

Washegari ya ɗora dutsen a jaki ya mayar. A hanyar dawowa ya gwada rera waƙar, ko baiti ɗaya bai zo masa ba. Ya sauka gindin wani gawo, da furfurarsa, ya yi kukan maraicin da bai taɓa yi ba.