Mai Kitso a Gindin Bagaruwa

Tun hantsi aka ɗaga jajayen tutoci a bakin kogi, masu lasifika suna zagaye ƙauyuka suna cewa guguwa ta taso daga teku. Sista Monowara, shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin yankin, ta kira kowa da kowa. An cika janareta da mai, an kwashe marasa lafiya zuwa bene. Dokarta ta kullum ba ta canza ba: mace kada ta fito da sari, dogon zanen nan da ake naɗawa, kada ta fito da gashi a sake, domin su ne suke sarƙewa a reshe idan ruwa ya ɗebi mutum.

Jhorna ungozoma ta ji rabi ta bar rabi. Ta sa riga da wando, amma gashin nan da take ji da shi, wanda ya sauko har ƙugu, ta wanke shi bai bushe ba, sai ta bar shi a baje. Kai mahaifiyarta mafaka kuma ya cinye mata yini.

Wayarta ta yi ƙara ana shirin magariba.

"Kina ina, sarauniyar latti?" in ji Sista. "Ga mai naƙuda, ɗan ya zo a gicciye. Ke kaɗai muke jira."

"Ina hanya, Apa," ta ce, don haka suke kiran babbar yaya.

"Kin ɗaure kan nan?"

"Na ɗaure," ta yi ƙarya.

An tsayar da kwale-kwale, babu keke ko ɗaya, dole ta bi ta kan ganuwar da ke tare ruwa. Iska tana ture ta, gashi yana dukan fuskarta. Ko kukan kare babu.

Da ta kai gindin tsohuwar bagaruwa, iska ta ɗauke ɗif.

Warin laka ya bugi hancinta, irin lakar ƙasan kogi. Wata mata tana zaune a kan saiwa, sarinta sharkaf, ta lulluɓe kai.

"Ƙanwata," ta ce a hankali. "Haka za ki wuce?"

"Sauri nake, Apa. Ki tashi ki tafi mafaka."

"Zauna in kitse miki."

Jhorna ba ta yi niyya ba, sai kawai ta tsinci kanta a zaune. Yatsu masu sanyin ƙanƙara suka shiga gashinta. Ruwa yana ɗiga mata a ƙeya. Ta buɗe baki za ta yi addu'a, harshe ya ƙi.

"Ni ma asibiti na nufa a wata guguwa can baya," in ji matar. "Da cikina, wata tara."

Lulluɓin ya zame ya faɗi a gefen Jhorna. Ta waiga kaɗan. Kan matar babu gashi, babu ma fata.

"Nawa yana can sama."

Jhorna ta ɗaga ido. A can cikin ƙayoyi, wani dogon baƙin abu yana lilo, alhali babu iska.

Yatsun suka naɗe kitson tamau kamar gammo.

"In kin tsira, ki kawo min kitson nan. Tashi. Gudu!"

Ta ruga. Ba ta yi nisa ba ta ji ruri a bayanta, ganuwa ta fashe. Ruwa ya sure ta ya cusa ta ƙarƙashin rassa. Ƙayoyi suka karce kanta, suka laluba, suka rasa abin kamawa. Ruwan ya tofar da ita a jikin katangar asibiti, masu gadi suka jawo ta.

Tana rawar ɗari ta wanke hannu, ta juya ɗan. Yarinya ce, ta fito da rai.

Sista ta shafa kitson, ta janye hannu da sauri. "Wa ya yi miki wannan?"

Jhorna ta juya ta koma wurin mai jego.

Guguwa ta wuce, rana ta fito, kitson ya ƙi bushewa, ya ƙi kwancewa, kullum yana ɗigar ruwan gishiri. Ranar da hanya ta buɗe ta sa almakashi ta yanke shi, tana kuka, ta kai gindin bagaruwa ta ajiye. Da ta waiga, babu shi.

Har yau gashin Jhorna bai sake tsiro ya wuce kunne ba. Duk ranar da aka ɗaga jan tuta, za ka same ta a ƙofar asibiti da mataji a hannu, ba ta barin mace ta fita da kai a sake. Masunta kuwa sun ce da magariba suna hango wata a gindin bagaruwa tana taje dogon gashi, tana kallon hanya.