Kwalbar Da Aka Musanya A Unguwar Dosa

Insifekta Yusha'u Idris ya ga ƙara iri-iri a kantar ofishin 'yan sandan nan, daga satar akuya har zuwa satar taransifoma, amma bai taɓa ganin wanda ya shigo riƙe da kwalbar ruwa yana cewa an cuce shi ba sai safiyar Larabar nan.

Matar ta ce sunanta Dakta Safara'u, tana aiki a wani ɗakin gwajin ruwa da ke Abakpa. Bincikenta a kan ruwan masai ne, yadda yake tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga rijiyoyin mutane, da yadda za a tace shi da yashi da gawayi tun bai yi ɓarna ba. Yaran wata Islamiyya a Unguwar Dosa sun yi ta kwanciya da amai da gudawa, shi ya sa ranar Litinin ta bi rijiyoyin layin tana ɗibar ruwa a kwalabe. Wadda ta fi zargi ita ce rijiyar ƙofar gidan marigayi Alhaji Isa, domin a nan yaran suke sha idan an tashe su tara.

Da sakamako ya fito, sai ga wannan rijiyar ta fi kowace tsabta. Ko ƙwayar cuta ɗaya babu.

Insifekta ya ce ai wannan abin godiya ne, me ya kawo 'yan sanda ciki?

"Akwai kulorin a ciki, Insifekta," in ji ta. "Maganin da ake zuba wa ruwan famfo. Rijiya ba ta haihuwar kulorin. Wani ya zubar da ruwan da na ɗebo, ya cika mini kwalbar da wani."

Ta nuna masa salatif ɗin da take naɗe murfi da shi. Na wannan kwalbar an ɓare an mayar a karkace. Sauran kwalaben ba wanda ya taɓa su. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, kafin ta lura, abokin aikinta ya riga ya aika wa ofishin duba-gari sakamakon, su kuwa sun rungume shi, sun ce rijiya lafiyarta ƙalau. Ta sake ɗibar ruwan, amma ƙwayoyin cuta sai an ba su lokaci sun tsiro a na'ura kafin a gan su. Kafin nan yara na nan suna ɗirkar abinsu.

Insifekta ya buɗe kwalbar ya kai hanci. Bayan warin magani akwai wani ƙamshi siriri, mai sanyi, wanda ya tabbata ya sani, amma ya rasa inda ya san shi. Dakta ta ce ita ma ta ji, ta ɗauka turaren hannun wanda ya taɓa ne, na'urarta kuwa ba ta auna ƙamshi.

Da ya kai wa DPO maganar, mutumin nan dariya ya yi har da buga tebur. Wai ana fama da masu ƙwacen waya a Kawo, shi zai tafi binciken ruwan kwalba? Mota dai babu mai, in zai je ya je da ƙafarsa. Insifekta ya sara masa ya fito yana cizon leɓe. Haka ya sa Sajan Umar ya goya shi a babur suka nufi Abakpa, rai a ɓace.

Direban Dakta, wani dogo mai suna Sulaiman, tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa. Ya ce kular da ake zuba kwalaben da ƙanƙara ba ta bar idonsa ba ko na ƙiftawa, tun daga rijiyar farko har ƙofar ɗakin gwaji.

"A ina ka yi Azahar ranar?" Insifekta ya tambaya.

"A masallacin layin, ranka ya daɗe."

"Da kular ka shiga sahu?"

Sulaiman ya yi tsuru-tsuru. Daga nan gaskiya ta fara fitowa a guntu-guntu. Rijiyar gidan Alhaji Isa ce ta ƙarshe da suka ɗiba, ana kiran salla. Hajiya Balaraba, matar marigayin, ta ja Dakta cikin gida ta yi salla a ɗakinta. Shi kuwa namiji baƙo ba ya wuce zaure. Rana na dukan mota, ya ji tsoron ƙanƙara ta narke, sai ya ajiye kular a inuwar zauren ya tsallaka masallaci. Da aka idar kuma ya ɗan tsaya wajen mai awara. Ɗan tsayawar da ya yi yawa.

Dakta ta dube shi kamar ta rufe shi da duka. Insifekta kuwa tsaki kawai ya ja. Rabin safiya ta tafi a kan ƙaryar da ba ta amfani kowa ba.

A Unguwar Dosa rijiyar tana nan a bakin layi, an ɗaure ta da siminti, da murfin ƙarfe a hangame, ga guga a rataye. A jikin bango an rubuta cewa sadaka ce ga marigayi Alhaji Isa, a sa shi a addu'a. Bayan bangon kuwa sabbin ɗakunan haya ne jere da babban ɗan marigayin ya gina, fenti ko bushewa bai gama yi ba. Dakta ta nuna masa wani faffaɗan siminti a gindin katangar, ta ce ramin masan 'yan hayar ke nan, sokawe, kuma tsakaninsa da rijiyar bai kai tsawon motar bas ba.

Malam Idris, shugaban Islamiyyar, ya tarbe su da fara'ar da ta wuce kima. Ya ce yara lafiya lau, ɗan zazzaɓin damina ne da ba a rasa ba. Insifekta ya leƙa aji ya ga tabarmi rabi babu kowa, ya tambaya ko sauran sun tafi aikin hajji ne. Malam ya sunkuyar da kai. Ya ce tsoro yake ji a rufe makarantar, don filin ma na gidan Alhaji ne, aro aka ba shi. Yara da yawa suna gida a kwance, biyu suna asibiti ana ƙara musu ruwa.

Insifekta ya roƙe shi ya hana yaran shan rijiyar. Malam ya ce ya gwada, amma Alhaji Sharhabil, babban ɗan marigayin, ya nuna masa sakamakon gwaji a waya, ya ce duk wanda ya ƙara ɓata sunan rijiyar mahaifinsa ya nemi wani filin.

"Ranar Litinin ya yi Azahar da ku?"

Malam ya ce motar Alhaji Sharhabil dai tana ƙofar gida lokacin da aka tayar da iƙama, amma shi bai gan shi a sahu ba. Allah ne masani, wataƙila a gida ya yi.

Insifekta ya kira Sharhabil a waya. Muryar manyan ma'aikata gare shi, irin wadda ke sa mutum ya ji kamar shi ne mai laifi. Ya ce ranar Litinin tun safe yana ofis a sakatariya, motar kuwa bakanike ne ya kawo ta gida. Zai zo idan ya samu sarari. Ya kashe wayar tun Insifekta bai rufe baki ba.

Haba, abin ya ishi Insifekta. Direba ya yi ƙarya, Malam ya yi ƙarya, wannan ma ƙaryar yake yi, kuma ba shi da abin da zai kama shi da shi. Mota a ƙofar gida ba hujja ba ce. Ga rana ta take, ga maƙogwaro ya bushe, ga rijiya a gabansa ba halin sha.

Ya yi sallama a zauren gidan. Hajiya Balaraba ta fito da kanta, tsohuwa mai tsabta, lulluɓe da mayafi, riƙe da kofin silba, domin a gidanta ba a fara magana da baƙo sai ya jiƙa maƙoshi. Dakta ta yi godiya ta ce ta ƙoshi. Ita dama ba ta shan ruwan gidan kowa, da gorarta take yawo, abin da Hajiya ta ce ta lura da shi tun ranar Litinin, ta dai yi shiru ne.

Insifekta ya karɓa ya kai baki. Bai kai ga haɗiya ba ya tsaya. Ƙamshin nan ne. Sai yanzu ya tuna, randar kakarsa a Zariya haka take.

"Hajiya, turara randar kike yi?"

Tsohuwa ta washe baki, an taɓo inda take so. Ta ce duk layin nan ba mai yi sai ita, 'yan zamani sun koma firji da ruwan leda. Takan wanke randar, ta kifa ta a kan garwashi da kajiji har hayaƙi ya kama cikinta, sannan a zuba ruwa. Haka ta yi wa Alhaji har ya koma ga Allah, haka 'ya'yanta suka tashi suna sha.

"Ruwan rijiyar nan kike zubawa?"

"A'a, ɗan nan. Tun farkon damina Sharhabil ya hana. Ya ce na tsufa da jan guga, ya sa 'yan garuwa suna kawo mana na famfo. Har jikokina ya ce kada ya ga wani a bakin rijiyar."

Ta faɗi haka ne tana alfahari da ɗanta. Insifekta ya tambaye ta ko Sharhabil ya shigo ranar Litinin. Ta ce ƙwarai, suna salla ta ji motsinsa a wajen randa, ta san tarinsa. Da ta idar har ta yi masa faɗa ya bar mata moɗa a ƙasa.

Sai da La'asar ta kusa Alhaji Sharhabil ya samu sararin. Ya fito daga mota cikin farar shadda, yana tambayar wa ya ba ɗan sanda izinin damun mahaifiyarsa. Insifekta ya miƙa masa kwalbar Dakta ya ce ya shinshina.

Ya shinshina, ya ɗaga kafaɗa. "Ruwa ne. Ba na jin komai."

"Na yarda ba ka ji. Tun kana goye kake shan sa, hancinka ya saba. Hajiya, ke fa?"

Tsohuwa ta karɓa ta kai hanci, nan take ta ce wannan ai ruwan randarta ne, ya aka yi ya shiga kwalbar likita? Ta dubi Dakta, ta dubi Insifekta, sannan ta juya ta dubi ɗanta, ta daɗe tana dubansa.

"Sharhabilu, ka san ruwan nan ba shi da kyau?"

Duk girman kan nan sai ya zube. Ya zauna a dakalin zaure ya cire hula. Ya ce tun da aka haƙa ramin masan ya ga ruwan ya canja, magini ma ya gaya masa wurin ya yi kusa, amma babu wani filin. Ya yi niyyar gyarawa bayan damina. Da ya ga kular a zaure, da sunan gidansu a jikin kwalba, sai ya hango an rushe masa gini, an toshe rijiyar da mahaifinsa ya bari, sunan gidan ya shiga bakin duniya. Ya juye ruwan a kwata ya cika da na randa. Wallahi bai yi nufin cutar da ɗan kowa ba.

"Ka hana naka sha," in ji Hajiya, "ka bar na mutane. Kuma da sunan ubanka a bango."

Ta shige gida ba ta ƙara waiwayarsa ba.

Insifekta ya kira ofishin duba-gari, yana ganin yanzu kam magana ta ƙare. Ina! Wanda ya ɗauka ya ce oga ya tafi taron bita, shi kuma ba shi da ikon rufe rijiya sai da sa hannun oga da sabon sakamako. A dawo mako mai zuwa. Insifekta ya yi masa bayani, ya roƙe shi, ya daka masa tsawa, duk a banza. Mutumin ya ce a yi haƙuri, haka tsarin yake.

Yana sauke wayar aka tashi yaran Islamiyya shan iska. Suka ɓarko da gudu, 'yan mata da hijabai, maza da huluna, suna rige-rigen kama guga.

Sajan Umar ya riga ya zaro ankwa zai sa wa Sharhabil. Insifekta ya fizge ta daga hannunsa, ya ratsa yaran, ya janye gugan, ya buga murfin ƙarfen ya rufe. Ya zura ankwar a kunnuwan da ake sa kwaɗo, ya datse, ya jefa makullin a aljihu. Ya san DPO zai ci masa mutunci a kan kayan gwamnati. To, ya ci.

Wata 'yar ƙaramar yarinya ta ja masa wando, ta ce ƙishirwa take ji. Kafin ya san abin da zai ce mata, sai ga Hajiya Balaraba ta fito cicciɓe da bokiti cike da ruwan randa, ta dire a ƙofar zaure, ta ce su yi layi.

Sajan ya tare Keke Napep. Sharhabil ya shiga da kansa, hannu sake, ba wanda ya riƙe shi. Har suka karya kwana mahaifiyarsa ba ta ɗago ba, tana ta miƙa wa yaran moɗa ɗaya bayan ɗaya.