Murhun da Ke Cikin Tsauni

Magariba ta kawo jiki a unguwar Kado, Hajjo na soya kifi, sai dutse ya faɗo kan rufin gidan. Ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu kuwa a tsakiyar falo ya sauka, ƙofa a rufe, taga a rufe.

Mijinta Fu'ad ya ɗauka ya juya shi, jikinsa ya yi sanyi. Masanin duwatsu ne a ma'aikata, ya san wannan baƙin dutse mai laima ba na Kado ba ne. Na cikin tsaunin Yangoji ne, inda ake huda ramin da ruwa zai bi.

Aikin ya tsaya, ana shari'a. Ɗan kwangila ya ce cikin tsaunin ruɓaɓɓe ne, an ɓoye masa. Fu'ad ne ya ce lafiyayye ne, shaidarsa kuma guntayen dutsen da injin haƙa ya ciro, jere a akwati bisa zurfinsu. Don tsoron kada a musanya su a ofis, sai gogan naka ya kinkimo akwatin ya tura ƙarƙashin gadon 'yarsa Nabilah. Wayo ke nan, wai.

Tun daga ranar jifan Nabilah ta daina cin abinci. Ta juya wa kowa baya tana kallon bango, kullum tana ramewa.

Aka kira Modibbo Saleh, malamin ruƙiyya. Da ya zo, bai yi gaggawa ba. Ya zauna yana karatu har inuwa ta cika ɗakin, sannan ya dubi yarinyar ya ce, "Wane ne kai?"

Muryar tsoho ta fito daga bakin yarinyar. "Mai gidan da aka huda. Kuna ta gardama, mai tauri ne, ruɓaɓɓe ne, babu wanda ya yi mana sallama. Dutsen murhuna kuka yanko. Iyalina ba su ɗora tukunya ba, ita ma ba za ta ci ba. A mayar min da akwatin."

Modibbo ya ƙara karatu, muryar ta yi ƙara. "To, dutsen tsakiyar akwatin kaɗai! A mayar, in tafi."

Na tsakiyar nan kuwa daga daidai wurin da ake rigima a kansa ya fito. Tsoro ya kama Fu'ad. Ya ce, "Malam, a roƙe shi ya jira a gama zaman kotu."

Hajjo ta dube shi. "Abban Nabilah, kana jin bakinka kuwa?"

Kunya ta rufe shi. Washegari da kansa ya shiga ramin ya ajiye dutsen, ya yi sallama ya fito.

Ranar zama ya buɗe akwati, ga gurbi fili a tsakiya. Lauyan ɗan kwangila ya yi murmushi. "Oga, ina ka ɓoye ruɓaɓɓen?"

Fu'ad ya san sunansa ya gama ɓaci. Da ya dawo gida ya tarar da Nabilah a kicin, tana suɗe kwanon kifi tana neman ƙari. Ya jingina da ƙofa ya fashe da kuka.