Leɓen Ummulkhairi

"Ka kalle ta mana, Yunus! Ka kalle ta ka gaya mini gaskiya..."

Rumasa'u ta miƙa wa mijinta jaririyar. Leɓen yarinyar na sama a tsage yake har hanci, tsagar ta ratsa ganɗa. Ɗan nonon da ta samu ta tsotsa, ta hanci yake dawowa.

Yunus ya karɓe ta, ya sumbaci goshinta. "Na kalla, ya habibti. 'Yata ce, kuma kyakkyawa ce."

Shi Basine ne, mai gyaran agogo a unguwar Misfala. Yana yaro iyayensa suka gudo Makka daga ƙasar Sin, suka rasu suka bar shi ba dangi. Ranar da kawun Rumasa'u ya ɗaura musu aure, mahaifiyarta, Inna Hure, wadda ba ta yarda da auren bare ba, ta ce kada Rumasa'u ta sake taka mata gida.

Tun da ta haihu, maƙwabciya ɗaya ce ta shigo barka. Ta leƙa fuskar jaririyar, ta ja baya tana salati. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa: bakin uwa ne ya kama Rumasa'u.

Ba mai dafa mata ruwan wanka, ba mai dama mata kunun kanwa. In Yunus ya fita shago, daga ita sai kukan yarinyar, sai ƙarar rusau ɗin gidajen da ake yi don faɗaɗa Harami.

Wata rana ta tambaye shi, "Bakin Inna ne, ko?"

"La wallahi, ba shi ba ne! A garinmu ana yawan haihuwar yara haka, da wuya ki ga unguwar da babu. Wani likita a Jidda ma ya ce zai ɗinke in ta yi ƙwari. Ƙanwata haka aka haife ta."

"Kana da ƙanwa? Tana ina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ta kasa shan nono... A hanya muka binne ta."

Rumasa'u ta dubi ɗan wuyan 'yarta da ya fara ramewa, ta miƙe ta jawo abayarta.

"Ina za ki da ɗanyen jego, ya ƙalbi?"

"Tandabawi. Gidan Inna. In za ta kore ni, ta kore ni."

Inna Hure ungozoma ce, rabin yaran Hausawan unguwar Tandabawi a hannunta suka faɗo. Suka same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Yunus ya tsaya waje cikin rana. Tsohuwar ta ga inuwar mutum, ba ta ɗago ba.

"Wa ya ce ki zo?"

Rumasa'u ta durƙusa. "Inna, ba don ni ba... Ba ta iya sha. Mutuwa za ta yi!"

Ta yaye zanin da ta lulluɓe jaririyar da shi. Hure ta kalli fuskar, ta kalla, tiren shinkafar ya zame daga cinyarta.

"Tun yaushe take haka, kina zaune ke kaɗai?"

"Wa nake da shi, Inna?"

Tsohuwar ta karɓi jikarta ta jingina ta a ƙirjinta, ta sa Rumasa'u ta tatsa a finjalin gahawa, ta shiga ɗiga mata da ƙaramin cokali ta gefen baki. Na farko ya zube. Na biyu ma. A na uku maƙogwaron yarinyar ya motsa.

"Ta haɗiye! Inna, ta haɗiye!"

"Na gani, ba makauniya ba ce ni." Hure ta sake cika cokalin. "Wane suna uban ya yi mata huɗuba da shi?"

"Ummulkhairi."

Hure ta goge idonta da bakin mayafi, ta ci gaba da ɗiga nonon.

"Nan za ki yi jego. Shi kuma ki ce masa ya shigo daga ranar nan... ya zo ya koyi riƙon cokali."

Rumasa'u ta kifa kanta a gwiwar mahaifiyarta, ta saki kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.